Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ghana kan halin da fasinja ke shiga idan an soke jirginsa

Zuwa ga Babban Daraktan Hukumar GCAA, Accra.

Ranka ya daɗe, muna gaisuwa tare da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan hukumarka.

Mu da muka rubuto wannan wasiƙa masu sana'ar yankan tikitin jirgin sama ne da masu shirya tafiyar Umara, a Nima, Mamobi, Sabon Zongo da Madina a nan Accra, da kuma Aboabo da Asawase a Kumasi. Mutanen da ke bi ta hannunmu su ne 'yan kasuwar Kejetia da Makola masu zuwa sarin kaya Guangzhou, Dubai da Istanbul, da dillalan kayan mota na Suame da Abossey Okai, da iyayenmu alhazai da hajiyoyi masu zuwa ƙasa mai tsarki, da 'ya'yan zango mazauna Bronx, Landan da Hamburg da ke zuwa gida biki ko ta'aziyya. Idan jirginsu ya ƙi tashi, wayarmu ce ke fara ƙara, ko da ƙarfe biyun dare ne. Shi ya sa muka san inda abin yake lalacewa, kuma muka ga ya dace mu kawo maka shi dalla-dalla.

Ba mu da ƙorafi a kan matuƙin da ya ce ba zai tashi ba. Duk wanda ya san aikin ya san yawancin dalilan soke jirgi na gaskiya ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe Tamale da Wa da Kumasi, wani lokaci har Accra. Matuƙi ba ya sauka sai ya ga titin jirgi da idonsa a wani tsayi da aka ƙayyade. A filin da ke da na'urar jagorar sauka ta ILS mataki na ɗaya, tsayin ya kai kamar ƙafa 200, ana kuma bukatar a iya hangen nisan mita 800, ko mita 550 idan da na'urar awo a gefen titin. In filin ba shi da na'urar, ko tana hannun masu gyara, nisan da ake bukata ya fi haka sosai. Hazo ya kai wannan matsayi, tashi daga Accra ɓarnar mai ce kawai, domin jirgin zai yi ta shawagi a kan Kumasi ya dawo inda ya fito. Haka nan kowane jirgi yana da kundin da ya fayyace kayan da za a iya tashi in sun lalace da waɗanda ba za a iya ba. Injiniya ya duba ya ga abin da ya lalace yana cikin rukuni na biyu, jirgin ya zauna ke nan har kayan gyara su iso, kuma galibi daga Turai ko Dubai ko wata ƙasa ake kawo su. Ga kuma iyakar awannin aikin matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi. A dokar Turai, alal misali, ranar aiki ba ta wuce awa 13 a bisa asali. Jinkirin awa huɗu da aka yi ana jiran gyara na iya cinye lokacin ma'aikatan, sai a gama gyaran jirgi babu mai izinin tuƙa shi. A jiragen cikin gida kuwa, jirgi ɗaya ne kan yi Accra zuwa Kumasi, ya dawo, ya wuce Tamale, ya dawo, ya nufi Takoradi. Abin da ya riƙe shi da safe shi ke kashe tashin ƙarshe na yamma.

Duk wannan mun yarda da shi, muna kuma yi wa fasinjojinmu bayaninsa. Kukanmu yana kan abin da ke biyowa bayan an yanke shawarar sokewa.

Ga yadda abin yake kasancewa a mafi yawan lokuta. An auna kayan fasinja, an ba shi katin shiga jirgi, in tafiyar waje ce har jami'an shige da fice sun buga masa hatimin fita. Allon sanarwa ya nuna jinkirin awa ɗaya, ya koma awa biyu, daga nan lokacin ya ɓace gaba ɗaya. Sashen tsara zirga-zirga na kamfanin, wanda sau da yawa yana wata ƙasa, ya riga ya san jirgin ba zai tashi ba, amma labarin bai sauko ƙofar shiga ba. Matasan da ke tsaye a ƙofar da kantar awon kaya, da yawansu ma'aikatan kamfanin hidimar ƙasa ne da aka ɗauka kwangila, suna sanye da alamar kamfanin jirgin amma ba su da ikon ba da ɗakin otal, ko sauya wa mutum jirgi zuwa wani kamfani, ko sa hannu a kan mayar da kuɗi. Mai wannan iko shi ne manajan tashar kamfanin, mutum ɗaya, ga fasinja 250 ko fiye. Yawancin manyan jiragen Turai da Amurka da dare suke tashi daga Accra, lokacin da ofishin kamfanin na cikin gari ya daɗe da rufewa. Sai a miƙa wa mutane lambar waya ko adireshin intanet a ce su tuntuɓa. Wanda ya iya turanci kuma yake da manhajar kamfanin a wayarsa zai kama kujera a jirgin gobe cikin minti biyar. Hajiya mai shekara saba'in da ke zaune a keken turawa, da fasfonta da katin rigakafin shawara ɗaure cikin gefen mayafi, mai tura ta ya tashi daga aiki, ita ce za ta rage a ƙarshen layi, kuma ita ce za a ce wa babu kujera sai bayan kwana huɗu.

Babban abin da muke roƙo, wanda in an yi shi rabin matsalar ta kau, takarda ce. A wajabta wa kowane kamfani ya ba kowane fasinja rubutacciyar shaidar sokewa kafin ya bar filin jirgi, ta hannu ko ta saƙon waya, ɗauke da lambar jirgin, da kwanan wata, da lokacin da aka yanke shawarar sokewa, da dalilin a fayyace, da sunan muƙamin jami'in da ya sa hannu. Muna nanata maganar dalili domin a kansa komai ya rataya. Jimlar nan da ake yawan faɗa, wai "dalilan gudanar da aiki", ba ta gaya wa kowa komai. Hazo daban, lalacewar inji daban, ƙarancin ma'aikata daban, haɗa jirage biyu saboda fasinja sun yi kaɗan daban, kuma haƙƙin fasinja yana sauyawa daga wannan zuwa wancan. Kamfanin inshorar tafiya ba ya biya sai da wannan takarda. Otal ɗin Makka ko Madina da aka biya tun wata guda ba ya sauraron roƙon sauya kwana sai da ita. Ma'aikacin da ya makara komawa bakin aikinsa a Jamus, da ɗalibin da ya rasa ranar rajista, da mai takardar ganin likita a Indiya, duk ita za a tambaye su. Yau fasinja kan yi makonni yana aika imel kafin ya same ta, in ma ya samu.

Ranka ya daɗe, haƙƙoƙin nan a rubuce suke, ba mu muka ƙirƙiro su ba, kuma ka fi mu saninsu. Muna kawo su ne saboda wasiƙar buɗaɗɗiya ce, jama'armu za su karanta.

Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Ghana ke cikinta, ta ɗora wa kamfani alhakin asarar da jinkiri ya jawo a tafiyar ƙasa da ƙasa, sai fa in ya tabbatar ya yi duk abin da hankali zai ɗauka don kauce wa asarar. Tun ranar 28 ga Disamba 2024 iyakar abin da za a iya nema ya kai SDR 6,303, wato ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, abin da ya haura dala dubu 8. Ba kyauta ake bayarwa ba, asarar da mutum ya iya nunawa da rasit ake biya: kuɗin otal, kuɗin tasi, abinci, kwanan masaukin da ya ƙone. Wa'adin kai ƙara kotu shekara biyu ne. Mutanenmu kan yar da rasit tun a bakin ƙofa domin babu wanda ya gaya musu yana da amfani.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta fi wannan kaifi, kuma ta shafi fasinjan Accra fiye da yadda ake zato. Tana aiki a kan duk jirgin da ya tashi daga filin jirgin ƙasar Tarayyar, ko na wane kamfani ne, da kuma jirgin da ya tashi daga waje zuwa cikin Tarayyar in kamfanin na Turai ne. Ke nan mai tashi daga Accra zuwa Amsterdam ko Brussels ko Paris a jirgin kamfanin Turai yana ƙarƙashinta tun yana zaune a Tamina 3 ta filin jirgin Accra. Tafiyar ta wuce kilomita 3,500, don haka diyyar sokewa Yuro 600 ce, in ba a sanar da shi kwana 14 kafin tafiya ba, ana kuma iya rage ta zuwa rabi in an sauya masa jirgin da ya isar da shi cikin awa huɗu na lokacin farko. Birtaniya ta riƙe irin wannan doka bayan ficewarta daga Tarayyar, diyyarta a doguwar tafiya fam 520. Kamfani na kuɓuta daga diyya in dalilin ya fi ƙarfinsa, kamar mummunan yanayi, amma kotun Tarayyar Turai ta yanke tun 2008 cewa lalacewar inji irin ta yau da kullum ba ta cikin wannan uzuri. A nan ne amfanin rubuta dalili yake fitowa fili. Ko da hazo ne ya hana tashi, abinci da otal da motar zuwa otal suna nan a wuyan kamfani, haka zaɓi tsakanin mayar da kuɗi cikin kwana 7 da sauya jirgi. Dokar ta kuma ce ba a biyan diyya da bauca, wato takardar da ake sayen wani tikiti da ita a madadin tsabar kuɗi, sai fasinja ya yarda ya sa hannu. Wanda ya bi ta Istanbul ko Addis Ababa ko Doha a jirgin kamfanin da ba na Turai ba, dokar ba ta rufe shi a tafiya, amma tana rufe shi a dawowa in daga filin jirgin Turai ya taso. Wannan bambanci kaɗai ya isa a rubuta shi a bango.

Masu zuwa New York da Washington kuma suna da dokar Ma'aikatar Sufurin Amurka ta 2024, wadda ta ce in an soke jirgi, ko an sauya lokacin tafiyar ƙasa da ƙasa da awa shida ko fiye, kuma fasinja bai karɓi abin da aka ba shi a madadi ba, a mayar masa da kuɗinsa ba sai ya roƙa ba, cikin kwanakin aiki 7 in da katin bashi na banki ya biya, cikin kwana 20 in ta wata hanya ce. A yankinmu ma ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idoji na bai ɗaya kan diyyar fasinja tun 2012, kuma hukumarka tana da nata ƙa'idojin kare fasinja. Abin da ya rage shi ne mutumin da ke tsaye a filin jirgi da tsakar dare ya san da su, kuma ya ga wanda zai tsaya masa a kansu.

Saboda haka muna roƙon hukumarka, tare da kamfanin GACL mai kula da filayen jiragen, ta kafa teburin kare fasinja a Tamina 2 da Tamina 3 a Accra, da filin Prempeh na Ɗaya a Kumasi, da na Tamale, wanda ba zai rufe ba sai jirgin ƙarshe ya tashi ko an gama sallamar fasinjojinsa. Jami'in da ke kan teburin ya zama mai ikon kiran manajan kamfani ya zo da kansa, ya rubuta lokacin da aka ba da ruwa da abinci, lokacin da motar otal ta iso, da yawan waɗanda aka bari a kan benci. Hukumar jiragen saman Najeriya tana ajiye irin waɗannan jami'ai a filayenta, don haka ba baƙon abu ba ne a yankin nan. A haɗa da tebur a cikin zauren jira, bayan shingen shige da fice, domin wanda aka riga aka buga wa hatimin fita ba ya iya komowa waje neman taimako sai an soke hatimin, kuma wannan ma layi ne mai cin awa guda ko fiye.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi haɗa mu faɗa da jama'armu. A tashar mota, in lori ya lalace kafin ya tashi, ɗan kamasho kan buɗe jaka ya mayar wa kowa kuɗinsa nan take, kuma da wannan ido mutanenmu suke kallon tikitin jirgi. Tsarin jirgi ba haka yake ba. Fasinja ya biya ejan da tsabar kuɗi ko ta MoMo. Ejan ya fitar da tikitin ta na'urar Amadeus ko Sabre ko Galileo, kuɗin ya tafi ga kamfani ta tsarin biyan kuɗi na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, da ake kira BSP. In an soke jirgi, kuɗin ta wannan hanya zai dawo. Kafin ejan ya iya mayarwa ba tare da an cire tara ba, sai kamfani ya sauya matsayin tafiyar a cikin na'ura ya nuna shi ne ya soke, ko ya ba da lambar yafe tara. In bai yi ba, na'urar za ta ɗauka fasinja ne ya fasa don kansa, ta cire tarar fasawa, a wasu tikitoci masu rahusa ma ba abin da zai dawo sai wani ɓangare na haraji. Mafi muni shi ne a rubuta fasinja a matsayin wanda bai zo ba, alhali yana tsaye a gaban kanta. Da zarar an yi haka, na'ura kan soke sauran tafiyar duka, har da ta dawowa. Mutum sai ya je Jidda a wani jirgi da ya saya da kuɗin aro, ranar komowa ya tarar ba shi da kujera.

In ejan ya gaji da jira ya mayar da kuɗin da kansa ba da izini ba, kamfani kan aiko masa da takardar cajin tara daga baya. In ya jira, fasinja na ganin shi ya cinye. Kuma jiran yana da tsada a ƙasar nan, domin farashin tikitin waje da dala ake lissafa shi, a biya da sidi. A 2022 dala ta tashi daga kimanin sidi 6 a farkon shekara ta haura sidi 13 a watan Nuwamba. Wanda aka riƙe wa kuɗi wata uku a irin wannan shekara, abin da aka mayar masa ba zai sayi tikitin da ya rasa ba. Muna roƙon a sa wa'adi ƙwaya ɗaya bayyananne, a lissafa shi daga ranar sokewa, ya hau kan kamfani da ejan baki ɗaya: kwana nawa kamfani zai saki kuɗi, kwana nawa ejan zai miƙa wa mai shi. A wajabta wa kamfani ya gyara matsayin tafiyar a na'ura cikin awa 24. A kuma hana miƙa wa mutum bauca a matsayin ita ce kaɗai mafita. Bauca tana da ranar mutuwa, galibi shekara ɗaya, ba ta aiki sai a kamfanin da ya ba da ita, kuma sau da yawa sa hannu a kanta na nufin mutum ya yafe neman tsabar kuɗinsa. Dattijon da ya tara kuɗin Umarar azumi shekara da shekaru, in goman ƙarshe ta wuce, baucar ba ta mayar masa da abin da ya nufa.

Akwai gyaran da ya shafi ɓangarenmu na masu tikiti, muna kuma son hukuma ta tsaya a kansa. Tun ranar 1 ga Yuni 2019 ƙudurin IATA mai lamba 830d ya wajabta wa ejan ya tambayi fasinja lambar wayarsa ko imel ɗinsa, ya shigar cikin rajistar tafiyar domin kamfani ya iya sanar da shi kai tsaye in an samu sauyi, in kuma ya ƙi bayarwa a rubuta ya ƙi. Har yanzu akwai masu sa lambar ofishinsu don gudun kada kamfani ya ƙwace musu abokin ciniki. Saƙon sokewa sai ya faɗa wayar da ke kulle cikin aljihun tebur tun ƙarfe biyar na yamma, fasinja kuwa ya taso daga Bawku ko Yendi ya kwana a hanya. Akwai kuma 'yan tsakiya marasa lasisi da ke ba mutum hoton jadawalin tafiya a WhatsApp su ce tikiti ne. Tikiti na gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin jirgin ne, ban da lambar rajista mai haruffa da lambobi shida da ake kira PNR. Wanda ba shi da lambar nan mai 13 kujera kawai aka riƙe masa, ba a biya ba, kuma ranar sokewa ba shi da abin da zai nema a wurin kowa. Hukuma ta buga sunayen masu lasisi inda kowa zai gani, ta sa a rubuta waɗannan lambobi biyu a kan kowane rasit.

Sauya wa fasinja hanya ma yana da tarkon da ma'aikacin kanta mai gaggawa ba ya lura da shi. Mai fasfon Ghana, haka ma na Najeriya, yana cikin waɗanda ƙasashen Turai masu biza ta bai ɗaya, wato Schengen, ke nema wa bizar ratse ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana riƙe da wata takarda da ta keɓe shi, irin ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada. Birtaniya ma tana da irin wannan sharaɗi. Ɗan kasuwar da zai tafi China ta Addis Ababa, in aka mayar da shi ta wani birnin Turai, za a hana shi shiga sabon jirgin tun daga Accra, ya sake rasa kwana. Haka mai bizar shiga sau ɗaya da ta kusa ƙarewa, da mai zuwa bajekolin Canton na birnin Guangzhou da ake yi kashi-kashi a Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, wanda in kashin kayansa ya wuce tafiyar ba ta da sauran amfani. A umarci kamfanoni su duba fasfo da biza kafin su tabbatar da sabuwar hanya, su kuma tambayi mutum ko tafiyar tana da sauran amfani gare shi. In kamfani ba shi da kujera sai bayan kwanaki, ya sa fasinja a jirgin wani kamfani. Tsarin yin hakan yana nan tsakanin kamfanonin da ke da yarjejeniya, ana dai ƙin amfani da shi ne saboda tsada, sai ga wanda ya san ya nema.

Mutanen Kumasi da arewa suna da nasu ƙarin nauyi. Tafiyar Kumasi zuwa Accra a sama ba ta kai awa ɗaya ba, a mota kuwa kilomita kusan 250 ne da kan ci awa biyar zuwa shida, in an ci karo da cunkoson Nsawam da Ofankor ya fi haka. Daga Tamale kuwa tafiyar ta haura kilomita 600, yini guda ce cur. Yawancin fasinjoji tikiti biyu suke riƙe da su, na cikin gida daban, na waje daban. A idon kamfanin waje, wanda jirgin Kumasi ya yaudara mutum ne da bai zo ba, tikitinsa ya ƙone. Mu muna ba su shawara a lokacin hunturu su sauko Accra kwana ɗaya kafin tafiya, ko su ɗauki jirgin farko na safe don in ya ƙi su kama motar VIP ko STC. Amma shawarar ba ta aiki sai an faɗi gaskiya da wuri. In kamfani ya ga rahoton Hukumar Hasashen Yanayi da ƙarfe tara na safe ya san da wuya a sauka, ya faɗa da ƙarfe tara, ya saki kayan mutane da kuɗinsu su kama hanya. Riƙe su da "nan da awa ɗaya" har la'asar shi ke sa su rasa jirgin sama da mota gaba ɗaya. Muna roƙon a sa ƙa'ida cewa a jirgin cikin gida, jinkiri in ya kai wani adadin awanni da hukuma za ta yanke, fasinja na da ikon karɓar kuɗinsa da kayansa nan take ko da ba a furta kalmar sokewa ba. Tun da Ghana International Airlines ya daina tashi a 2010 ƙasar nan ba ta da jirgin ƙasa da ƙasa na gwamnati, kamfanonin cikin gida kuma ba su da yawa, don haka fasinja ba shi da wurin gudu in bai ji daɗi ba. Hukuma ce kaɗai madogararsa.

Kaya kuwa a taƙaice: in an soke jirgi a dawo da su a kan bel cikin lokaci sananne, domin a ciki ne maganin hawan jini da na sukari na tsofaffi yake. In jaka ta ɓace a cikin rikicin, a cika wa mai ita takardar rahoton kaya ta PIR kafin ya fita, ya kuma riƙe ɗan tikitin jakar da aka manna masa a bayan fasfo. Yarjejeniyar Montreal ta ba da kwana 7 don rubuta ƙorafin lalacewa, kwana 21 don na jinkiri, iyakar diyya kuma SDR 1,519 ga kowane fasinja, kimanin dala dubu 2.

Duk waɗannan ba za su kai ga iyayenmu ba in da turanci kaɗai ake faɗarsu ta lasifika mai ƙara. Gidan rediyon ƙasa na GBC ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Akan, Ga, Ewe, Nzema, Dagbani da Hausa, don an san da waɗannan harsuna ake isa ga jama'a. A naɗi gajeren saƙon murya na minti biyu a kowane harshe, mai faɗin abin da mutum zai karɓa da abin da bai kamata ya sa wa hannu ba, a riƙa sa shi a zauren jira duk lokacin da aka soke jirgi, a kuma tura shi ta WhatsApp, domin da yawa daga cikin hajiyoyinmu da saƙon murya suke harkokinsu. A fara sallamar masu keken turawa, da masu goyo, da marasa lafiya kafin kowa. A lokacin azumi a tuna cewa takardar abincin da aka raba da rana ba ta da amfani ga mai azumi in kantin zai rufe kafin magariba, kuma wanda aka kai otal da tsakar dare yana bukatar abin sahur.

Muna kuma roƙon kowane ƙorafi da ya iso hukuma a ba shi lamba da ranar da za a amsa, a kuma riƙa buga alƙaluma duk wata uku: jirage nawa kowane kamfani ya soke, da wane dalili, ƙorafi nawa aka kawo, nawa aka warware, kwana nawa mayar da kuɗi ya ɗauka. Kamfanin da ke kyautata wa fasinja zai amfana da wannan, mu ma za mu san inda za mu tura mutanenmu da hujja a hannu.

A shirye muke mu zo ofishinka da kwafin tikitoci da saƙonnin kamfanoni, bayan mun goge sunayen masu su, domin jami'anka su ga inda kowane mataki yake tsayawa. Za mu kuma ɗauki nauyin fassara da naɗar saƙon Hausa, mu kai shi ga limamai da sarakunan zango a Accra da Kumasi don a karanta bayan sallar Juma'a. Muna fatan a sa mana ranar zama kafin watan Disamba, domin takardar shaidar sokewa da teburin dare su fara aiki kafin hazon bana ya sauka.

Allah ya taimake ka a kan aikinka, ya tsare matafiyanmu.

Naka cikin girmamawa,
Wasu masu sana'ar tikitin jirgi da shirya tafiyar Umara a zangunan Accra da Kumasi.